Cikon Benci da Mabuɗin Makabarta

Kawuna, wan mahaifiyata, ya yi shekaru yana kansila a ƙaramar hukumarmu, amma ko kwalbati ɗaya babu da za a nuna a ce aikinsa ne. Kuma mutumin ba malalaci ba ne, kujerar ce haka Allah ya yi ta. Mu ƙabila ce 'yar ƙarama ta kan duwatsu, wadda in ka faɗi sunanta a birni sai an ce ka maimaita. To don kada a ce an bar mu a baya, gwamnati ta ware mana kujera guda a majalisa, ta naɗi, babu ruwanta da zaɓe. Ranar zama kawu zai saka babbar rigarsa ɗaya tilo, ya hau babur ya gangara gari, ya dawo da yamma da kwalbar lemo a aljihu, wadda aka ajiye masa a gabansa bai sha ba, ya miƙo mana mu raba. In dattawa suka tambaye shi me aka tattauna, sai ya ce, "An gama kafin in je." A lokacin na ɗauka barkwanci yake yi.

Ban gane maganar ba sai da na zo Alƙahira karatu, aka ɗora ni a kan ƙanwar wannan kujera.

Muna da ƙungiya a nan ta 'yan Arewa: ɗalibai, da 'yan kasuwa, da waɗanda suka rako marasa lafiya suka daɗe har suka zama 'yan gari. Wata shekara aka yi hayaniya, wasu suka ce kullum 'yan garuruwa biyu ne ke juya shugabanci a tsakaninsu kamar waina. Don a kashe wutar sai aka ƙara kujera ɗaya a kwamitin gudanarwa, aka ce ta ƙananan ƙabilu ce. Daga nan aka shiga tattaro duk wanda aka rasa inda za a ajiye shi ana turawa ƙarƙashinta. Mu 'yan kan dutse, da Hausawan zango na Gana, da Hausawan Sudan da ke zaune a unguwar Arba wa Nus, duk aka haɗa mu a kwando guda. Da aka waiwaya neman wanda zai hau, ni kaɗai ne a zauren wanda kakarsa ba ta jin Hausa. Ni kuwa da Hausa na buɗe baki, yarenmu ban iya komai a ciki ba sai gaisuwa da zagi. Haka dai aka yi kabbara, aka ce na zama wakili, aka fara kirana Honorabul ana dariya.

Ga yadda ake gudanar da aikin. Ranar Alhamis bayan La'asar manyan kwamiti sukan haɗu a gidan shugaba a unguwar Hayyus Sabi', a kewaye faranti ɗaya na tuwon shinkafa da miyar kukar da aka aiko daga gida. A bakin farantin nan ake yanke komai. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci sai a kira zama, a karanto abin da aka yanke, a ce wa ya yarda. Ni na Juma'a ake gayyata. Ban taɓa sa hannu a tuwon Alhamis ba, sai dai in ji ƙanshin daddawa a jikin maganar. Amma in baƙi suka zo daga gida za a ɗauki hoto, har gida ake aiko mini, a tsayar da ni a dama da shugaba. Akwai ranar da aka ce in zo da kayan gargajiyar ƙabilarmu. Na ce musu riga da hula muke sawa kamar kowa. Ba su yarda ba, sai da wani ya je kasuwa ya sayo mini wata sarƙar duwatsu irin ta masu yawon buɗe ido. Na saka, don ba ni da ƙarfin gardama ranar.

Shugaban kuwa ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Malami ne na gaske, yana karatun digirinsa na uku, ga sanyin baki. Bai taɓa ce wa mutum a'a ba. Abin da ya iya shi ne "in sha Allahu za a duba." Ya koyi "bukra", wato sai gobe, a wurin Misrawa har ya fi su iyawa.

Da aka ga kowa a kwamiti yana da aiki ni ba ni da shi, kuma abin ya fara zama abin kunya, sai aka nemo aikin da ba wanda yake so aka ba ni. Aka danƙa mini mabuɗin makabarta.

Wanda bai zauna a Masar ba sai an yi masa bayani. A nan ba a haƙa wa kowa raminsa kamar yadda muke yi a gida. Kowane dangi suna da wani ɗan fili mai katanga da ƙofar ƙarfe. A tsakiya akwai faffaɗan duwatsu, in an ɗage su sai matakala ta bayyana, ta kai ka ɗakuna biyu a ƙarƙashin ƙasa, ɗaya na maza ɗaya na mata. A shimfiɗe mamaci a kan yashi kusa da waɗanda suka riga shi, a mayar da duwatsu a rufe, sai kuma wata rana. Wanda ba shi da dangi ko ƙungiya, sai a kai shi kaburburan sadaka, a haɗa shi da duk wanda aka samu. Magabatanmu a ƙungiya sun yi abin kirki, sun mallaki irin wannan fili guda a bayan gari, can cikin hamada. A ciki ake sa ɗalibin da ajali ya riska, da majinyacin da ya zo neman magani bai koma ba. Tafiyar da nisa, ga rana, ga jira a bakin titi kafin ka sami mikrobas, 'yar ƙaramar bas ɗinsu ta haya, mai zuwa can. Shi ya sa mabuɗin ya zama nawa.

A bakin wannan ƙofa na saba da Baba. Haka kowa ke kiransa. Tsoho ne daga Hausawan Sudan, yana gasa agashe a wani lungu a Arba wa Nus. Agashe tsire ne, sunan ne kawai ya canza a hanya, kuma babu ɗalibin da kewar gida ba ta taɓa kai shi gaban tukubar Baba ba, har shi shugaban. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Hajji, guzuri ya ƙare a Sudan, ya ce bari ya yi noma kaka ɗaya, daga nan shi ke nan. A can aka haifi uban Baba, aka haifi Baba, har yaƙi ya koro shi Alƙahira da matarsa da 'yarsu guda, bazawara mai yi wa amare lalle. Hausarsa ta mutanen da ce, da Larabci a barbaɗe a kai. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba ko sau ɗaya.

Duk ranar da aka yi mana rasuwa, ko ba a aika masa ba, sai ka gan shi ya rufe tukuba ya zo. Mu ɗalibai mun haddace babin jana'iza tsaf, amma in an ɗage duwatsun nan, iskar ciki ta bugo, kowa sai ya tuna yana da ciwon baya. Baba ne ke naɗe hannun riga ya sauka, ya karɓi gawa, ya gyara mata kwanciya ta fuskanci alƙibla. Wata rana ya fito yana kakkaɓe yashi daga gwiwa, ina ƙoƙarin kulle ƙofa, sai ya dafa kafaɗata.

"Ɗana, an ce kai ne wakilinmu."

Na ce, "Haka aka ce, Baba."

Ya ce, "To ga saƙo. A ɗakin maza, daga hannun dama jikin bango, akwai wuri. In lokacina ya yi, nan nake so."

Na yi 'yar dariya na ce Allah ya ƙara nisan kwana. Bai yi dariya ba. Ya ce a Sudan tun yana yaro ake ce musu su koma ƙasarsu, a nan kuma ana ce musu 'yan Sudan. Ya ce ya fid da rai da ganin garin kakansa, ƙafa ta mutu, fasfo babu. "Amma in na kwanta a cikin mutanen nan, na isa gida ke nan. Ko ba komai, in na yi sallama za su san da yaren da za su amsa."

Na ce masa wannan ai ƙaramin abu ne. Wallahi har cikin raina na ɗauka ƙarami ne.

Juma'ar da ta biyo baya na ɗaga hannu, karo na farko tun da na hau kujerar da na kawo magana tawa ta kaina. Aka juyo ana kallona kamar baƙon da ya buɗe tukunya a gidan mutane. Sakatare ya ce maganar ba ta cikin abin da aka shirya. Na ce ai ban san inda ake shiryawa ba. Wani ɗan kasuwa ya ce ɗakin ƙarami ne, ga marasa lafiya kullum suna zuwa daga gida. Wani ya ce in aka buɗe wa mutum ɗaya, gobe duk Arba wa Nus za ta yi layi. Sai wani matashi, wanda ko gemunsa bai gama haɗuwa ba, ya ce shi a saninsa filin na masu koren fasfo ne, 'yan Sudan su nemi 'yan'uwansu.

Nan raina ya ɓaci. Ni dama ba a yabona da haƙuri. Na ce masa, "Kai, ranar da aka kawo gawar abokin ɗakinka, wa ya sauka da ita? Kana tsaye a bayan katanga ka toshe hanci da hirami. Ka tambayi tsohon nan fasfo a ranar?" Na juya kan sauran na ce sun ci naman mutum sun sha romonsa, sun bar shi yana shiga musu rami, yanzu kuma ramin ya fi ƙarfinsa. Na ce rijiya ta bayar guga ya hana, don waɗanda suka sayi filin nan ba su bar wasiyyar a duba launin fasfo ba. Na faɗi wasu maganganun ma da ba sai na maimaita ba.

Shugaba ya bari na gama tas. Sannan ya yi murmushi ya ce, "Ma'alesh, Honorabul, a yi haƙuri. Magana ce mai nauyi, ba a yanke ta a tsaye." Ya ce za a kafa ƙaramin kwamiti ya duba ta ta fuskar shari'a da ta tsarin ƙungiya, ya kawo rahoto. Don a girmama ni kuma, ni aka ba shugabancin ƙaramin kwamitin. Aka haɗa ni da mutum biyu. Ɗaya ya tafi hutu gida bai dawo ba sai bayan Babbar Salla. Ɗayan kullum yana da jarrabawa.

Ana cikin haka ciwo ya kwantar da Baba. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi nauyi, tukuba ta mutu. Nakan hau mikrobas in sauka a bakin unguwa, in kutsa cikin lungunan nan na jan bulo marasa shafe, ina kauce wa masu keke napep da ruwan kwata, har in isa ɗakinsu a hawa na ƙasa. Inna, matarsa, takan kawo mini shayi mai kanumfari ta koma gefe ta zauna. Duk zuwan da zan yi, bayan gaisuwa tambaya ɗaya ce.

"Ɗana, me manya suka ce?"

"Ana dubawa, Baba."

Ran da na fara faɗin haka sai na ji muryar shugaba ce ke fitowa daga bakina. Kunya ta kama ni har na kasa shanye shayin. Na gaji da zuwa da wannan amsa, na gaji da bin mutum biyu a waya, na gaji da ɗaga hannu ranar Juma'a ana ce mini ai rahotona ake jira. Akwai makon da na ƙi zuwa gaishe shi ɗungurungum don kawai kada ya tambaye ni. Da na koma bai yi ƙorafi ba. Ya dai ce wa Inna, "Kin ga, wakilinmu yana ta fama."

Wata Talata da hantsi, ina hanyar shiga aji, 'yarsa ta kira ni. Ta ce Baba ya cika bayan Asuba. Ta ce ta karɓo takardar izinin binnewa, an yi masa wanka, maƙwabta sun samo mota, suna cewa a nufi kaburburan sadaka kafin rana ta yi zafi. Sannan ta ce, "Malam, ya ce in tambaye ka."

Na kira shugaba. Ya yi salati, ya yi addu'a mai tsawo mai kyau, har na ji hawaye a muryarsa. Sannan ya ce bari ya tuntuɓi 'yan kwamiti, zai neme ni. Na tsaya a bakin titi ina jira, motoci suna ta wucewa. Na sake kira, ba a ɗauka ba. Na laluba aljihun jakata, mabuɗin yana nan inda yake kullum, ɗaure da igiyar takalmi. Ban yi wani dogon tunani ba, gaskiya. Na dai san mamaci ba ya jiran Juma'a. Na kira 'yar Baba na ce su juya motar, su same ni a bayan gari.

Mai gadin makabartar, Bamisre ne da ya saba ganina, bai tambaye ni fasfon kowa ba. Ya duba takarda, ya ce maza ko mata, ya ɗauko ƙarfensa ya ɗage duwatsu. Muka yi salla, mu 'yan kaɗan: maƙwabtansa, da wasu ɗalibai da suka ji labari suka zo don kansu. Da aka zo sauka sai kowa ya tsaya yana kallon kowa, don wanda ya saba sauka shi ne a cikin likkafani. Na tuɓe takalmi na shiga, wani maƙwabcinsa ya biyo ni. Ban taɓa shiga ba sai ranar. Ɗakin ya fi yadda ake faɗa faɗi. Daga hannun dama jikin bango, ga wurin nan kamar yadda ya ce, yashin a share. Muka kwantar da shi. Kafin in fito na yi wa mutanen ɗakin sallama da Hausa, tunda shi ba zai iya ba.

Da muka koma gidan, Inna ta kama hannuna da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To ni ma na san wurina. Bango ɗaya ne tsakaninmu." Na ce in sha Allahu.

Zaman Juma'ar nan ya cika maƙil, har waɗanda ba su taɓa zuwa ba sun zo. An ce na yi gaban kaina, na raina shugabanci, na ci amanar mabuɗi. Matashin nan ya miƙe ya ce a tsige ni nan take. Ni kuwa na riga na shirya, har na ji wani sanyi a raina, na ce yau dai zan huta. Sai sakatare ya yi gyaran murya ya tuna musu cewa tsarin ƙungiya ya ce kujerar nan ba ta zama babu kowa, kuma sai ɗan ƙaramar ƙabila. Ɗan Ganan da muke da shi ya gama karatu ya tafi. 'Yan uwana biyu na kan dutse da aka taɓa wa tayi sun ce Allah ya kiyaye. Hausawan Sudan kuwa ba a ma kawo su a lissafi ba. Ga shi kuma ana sa ran manyan baƙi daga gida a ƙarshen wata, za a ɗauki hoto.

Shugaba ya daɗe yana murza carbi. Sannan ya ce, "Abin da ya faru ya faru, Allah ya jiƙan Baba. Honorabul, kujerarka tana nan, ba wanda zai taɓa ta. Mabuɗin dai sai ka miƙa wa sakatare."

Na kwance shi daga igiyar takalmin na ajiye a kan tebur.

Na so in yi murabus a ranar. Da yamma na kira kawu, wanda yanzu ya tsufa ya bar kansila tuni, na ba shi labari tun daga farko. Ya saurara har na gama. Ya ce, "In ka tashi, cewa za su yi an ba mu mun ƙi. Daga nan ko wanda zai ɗaga hannu babu." Na ce to ɗaga hannun me ya tsinana? Ya ce shi ma ya yi wa kansa wannan tambaya a kan babur, shekara da shekaru, hawa da gangara. Daga nan sai ya shiga tambayata ko ana samun dawa a Masar.

Na zauna. Baƙi suka zo, aka tsayar da ni a dama da shugaba.

Da sanyi ya shigo, wata Laraba da rana, 'yar Baba ta sake kirana. Tun kafin ta yi magana na san abin da ya faru. Ta ce Inna ta bi shi. Ta ce an yi wanka, takarda tana hannu. Sannan a hankali ta ce, "Malam, mabuɗin yana wurinka?"

Na ce a'a. Na ce ta ba ni ɗan lokaci. Na kira sakatare, ya ce shi ɗan aike ne, sai da izinin shugaba. Na kira shugaba, ya yi salati, ya yi addu'a, ya ce matsalar ita ce har yanzu ƙaramin kwamiti bai kawo rahotonsa ba, kuma ai na fi kowa sanin wa ke shugabantarsa. Ban ma iya yin fushi ba, ƙarfin ya ƙare. Na sake kiranta na gaya mata gaskiya. Ta ce, "Ba komai, Malam. Ka yi iyakar ƙoƙarinka. Allah ya saka da alheri." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na bi motar har kaburburan sadaka, can ɗaya gefen birnin, tafiyar da ta ci mana rabin yini. Aka ɗage duwatsu, aka saukar da Inna cikin matan da ba wanda ya san sunansu. 'Yarta ta tsaya daga nesa tana ƙoƙarin haddace wurin, tana duban katanga, tana duban wata bishiya, don babu alamar da za ta gane shi in ta dawo. Yanzu in za ta ziyarci iyayenta sai ta ware kwana biyu.

Ranar Juma'a na je zama. Aka karanto abin da aka yanke, aka ce wa ya yarda, hannuwa suka tashi. An ajiye wa kowa lemo a gabansa, nawa yana nan yana gumi a kan tebur. Ban iya sha ba. Da aka shafa fatiha na ɗauka na sa a aljihu, sai da na kai bakin titi na tuna ba ni da yaran da zan kai wa.